Kashin Tama, Tokar Kwal da Jifsam: Kayan Ginin da Ake Tsintowa a Jujin Masana'antu

Mai aikin POP ba ya kwaɓa gari da yawa a lokaci guda. Ruwa yake fara zubawa a roba, ya riƙa barbaɗa farin garin a kai har ruwan ya shanye shi, sannan ya sa hannu ya dama. Ya juye a kan teburin da ya riga ya shafe da mai, ya shimfiɗa zaren filas, ya ƙara wani kwaɓin a sama, ya bi da katako ya daidaita. Idan ya tsaya amsa waya, abin da ya rage a robar ya tashi daga aiki. Kafin minti ashirin ko talatin, kwaɓin da ɗazu yake kamar kunu ya ɗauki ɗumi, ya sandare, har ana iya ɗaga allon a jingine shi da bango. Da irin waɗannan allunan ake ƙawata silin ɗin gidaje daga Kano har Yamai.

Sai dai duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin irin wannan silin ya san inda gizo ke saƙa. Ranar da kwanon rufi ya fara yoyo, wani tabo ruwan ƙasa zai bayyana, wurin ya yi laushi, ya yi ciki, wata rana a wayi gari ya zubo a tsakar ɗaki. Maginan da kansu suna faɗa: POP da ruwa ba sa ga-maciji. Shi ya sa ba wanda ke zuba harsashin gida da shi, ko ya yi yaɓen katangar waje.

Wannan tsoron ruwa ya hana masana gini sakat fiye da shekara ɗari. Jifsam, wato dutsen da ake gasawa a sami garin POP, ba ya cin wuta da yawa wajen sarrafawa, kuma da za a raba shi da wannan rauni, da ya ɗauke wa siminti kaya mai nauyi. Maganin da aka samo kuwa a juji aka tsinto shi: kashin tama da masana'antun ƙarfe ke zubarwa, da tokar kwal ta tashoshin lantarki. Shi kansa jifsam ɗin, a ƙasashe da dama yanzu ba duka ake haƙowa ba, wani sashensa shara ce da wasu masana'antun ke neman mai raba su da ita.

Dutse mai ruwa a ciki

Jifsam dutse ne mai taushi, farce ma yana karce shi. Kusan kashi 21 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, amma ruwan a ɗaure yake cikin ƙirar dutsen, ko an matse ba ya fita. Wuta ce ke kwance shi. Da zarar an gasa dutsen a zafin digiri 150 zuwa 180, zafin da tandar mai burodi ma ta fi shi, kashi uku cikin huɗu na ruwan sai ya tashi. Farin garin da ya rage da ƙishirwa yake zaune. Ana ba shi ruwa sai ya koma dutsen da yake tun asali, yana fitar da wasu ƙananan allurai da ido ba ya gani, suna sarƙewa da juna kamar ƙayar sarƙaƙiya. Ɗumin da mai POP ke ji a tafin hannunsa alamar wannan komawar ce.

Mutane sun daɗe da sanin haka. Da kwaɓin jifsam mutanen Masar na dā suka liƙe duwatsun dalar Giza, sama da shekara 4,000 da suka wuce, kuma rashin ruwan sama a ƙasar ya taimaka masa ya kai yau. Sunan POP kuwa daga birnin Paris ya samo asali, inda aka yi ƙarnuka ana haƙar dutsen a tudun Montmartre.

Ruwan nan da ke ɗaure a ciki shi ne ke sa jifsam tare gobara. Idan wuta ta kama bangon da aka rufe da allonsa, sai ta fara ƙafar da ruwan cikinsa tukuna, kuma muddin ruwan bai ƙare ba, bayan allon ba ya wuce zafin tafasar ruwa da yawa. Wannan jinkirin kan ba mutanen gida damar fita. Akwai wata fa'idar kuma: siminti yana ɗan tsukewa idan yana bushewa, abin da ke sa filasta tsagewa. Jifsam kuwa ɗan kumbura yake yi lokacin kamawa, sai ya cika kowane lungu na zanen da aka zuba shi a ciki. Ga shi da rashin nauyi, ga santsi.

Rauninsa ɗaya ne, amma babba. Lita guda ta ruwa tana narkar da kimanin giram 2 na jifsam. A ido ba wani abu ba ne, sai dai narkewar tana farawa ne daidai inda alluran suka riƙe juna. Jiƙaƙƙen jifsam yakan rasa fiye da rabin ƙarfinsa, idan kuma da nauyi a kansa sai ya riƙa lanƙwasawa a hankali har ya saki.

Siminti ba ya da wannan matsalar, a cikin ruwa ma ƙara ƙarfi yake yi. Tun da Joseph Aspdin, wani magini ɗan birnin Leeds na Ingila, ya yi wa nasa haɗin rajista a 1824, siminti ya mamaye duniya, har yanzu ana yin kimanin tan biliyan 4 a shekara. Amma da tsada ake samunsa. Sai an gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a digiri 1,450 kafin su zama dunƙulen da ake kira kilinka. Kowane tan na kilinka yana sakin fiye da kilo 800 na iskar kabon, kuma fiye da rabinta daga jikin dutsen take fita, ko da wace irin wuta aka gasa shi. Kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa daga sana'ar siminti take. Kuɗin wutar nan kuma yana cikin abin da magidanci ke biya duk lokacin da ya sayi buhu. Ko a cikin buhun ma akwai jifsam, kashi 3 zuwa 5, wanda ake niƙawa tare da kilinka. Ba don shi ba, da kwaɓi ya sandare kafin birkila ya kai shi kan bulo.

Fararen tsaunukan da masana'antu suka tara

Kwal yana ɗauke da farar wuta. Idan aka ƙona shi a tashar lantarki, farar wutar tana bin hayaƙi sama, ta gamu da damshi, ta dawo cikin ruwan sama mai tsami wanda ke kashe itatuwa, ya ci jikin gine-gine. A farkon shekarun 1980 hankalin Jamusawa ya tashi kan yadda dazuzzukansu ke bushewa, sai gwamnatin Jamus ta Yamma ta kafa doka a 1983 cewa dole manyan tashoshi su wanke hayaƙinsu. Da kunun farar ƙasa ake wankin: a fesa shi cikin hayaƙin, ya kama farar wutar, a hura masa iska. Abin da ke kwantawa a ƙasa jifsam ne, sau da yawa ma ya fi na haƙa tsabta. Kamfanonin allon bango suka riƙa kafa masana'antunsu kusa da tashoshin lantarki, har aka kai lokacin da kusan rabin jifsam ɗin da Jamus ke amfani da shi daga wankin hayaƙi yake fitowa. Yanzu da ƙasar ta yanke shawarar rufe tashoshin kwal nan da 2038, masu sana'ar sun shiga neman madadinsa, ana ta jayayya kan faɗaɗa haƙa a kudancin tsaunukan Harz.

Jifsam ɗin kamfanonin taki ya fi wannan wuyar sha'ani. Don a yi takin zamani mai fosfet, ana jiƙa dutsen fosfet da asid ɗin farar wuta, irin wanda ake tsarmawa a zuba a batirin mota. Kowane tan na asid ɗin fosfet da aka tace yana barin kusan tan biyar na jifsam mai launin toka. Abin da ake fitarwa a faɗin duniya ya haura tan miliyan 200 a shekara, kuma ɗan kaɗan ne ke samun amfani.

A jihar Fulorida ta Amurka an tara fiye da tan biliyan ɗaya tsibi-tsibi, wasu tsibin sun haura mita 50, da tafkunan ruwa mai tsami a samansu. A ƙarshen watan Maris na 2021 ɗaya daga cikin tafkunan, a wani wuri da ake kira Piney Point, ya fara yoyo. Aka kwashe mutane daga ɗaruruwan gidaje, aka saki galan miliyan 215 na gurɓataccen ruwa cikin mashigin tekun Tampa don kada bangon ya ɓalle gaba ɗaya. A Gabes ta Tunisiya kuwa tun shekarun 1970 ake tura shi cikin teku, masunta da mazauna garin sun sha fitowa zanga-zanga a kai.

Me ya hana a kwashe shi a yi gini? Abu biyu ne. Na farko, yana fitowa da ragowar asid da sinadarin fuloraid, waɗanda ke jinkirta kamawa, su rage ƙarfi; sai an wanke shi, an kashe tsaminsa da farar ƙasa kafin ya yi aiki. Na biyu ya fi tsanani. Dutsen fosfet da ya kwanta a ƙarƙashin tsoffin tekuna, irin na Fulorida da Maroko, yana ɗauke da burbushin yuraniyam, kuma wajen tacewa sinadarin radiyam yana bin jifsam ɗin. Radiyam yana sakin iskar radon, wadda idan ta taru a rufaffen ɗaki aka daɗe ana shaƙa tana iya haddasa sankarar huhu. Saboda haka hukumar kare muhalli ta Amurka ta wajabta tara shi wuri guda tun 1989. Fosfet ɗin da ya fito daga narkakken dutsen cikin ƙasa, irin na Kola a Rasha da Phalaborwa a Afirka ta Kudu, radiyam ɗinsa bai kai haka ba. Ke nan kowane tsibi da halinsa, sai an auna kafin a ce ya shiga ɗakin kwana. Japan, wadda ba ta da wadatar jifsam na haƙa, ta daɗe tana tace na masana'antu tana yin allon bango da shi. Lardin Guizhou na ƙasar Sin kuwa ya kafa ƙa'ida a 2018: yawan takin da kamfani zai yi ya dogara da yawan jifsam ɗin da ya samar wa amfani.

Siminti mai barci

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san kashin maƙera, baƙin dunƙulen nan mai ramuka da ake kwashewa daga murhu a watsar. Manyan tanderun narka tama suna fitar da ɗan'uwansa, sai dai nasu kogi ne na narkakken dutse, kimanin kilo 300 a kan kowane tan na ƙarfe. A 1862 wani Bajamushe mai suna Emil Langen ya gano cewa idan aka watsa wa narkakken kashin taman ruwa ya huce farat ɗaya, yana zama yashi mai kama da gilashi, kuma idan aka niƙa yashin aka haɗa shi da farar ƙasa yana kamawa. Wato siminti ne mai barci, sai an sami mai tashinsa.

A 1908 wani Bajamushen masanin siminti, Hans Kühl, ya yi rajistar hanyar tashinsa da jifsam. Haɗin da ya tsiro daga wannan bincike shi ne ake kira siminti mai yawan salfet: kashi 80 zuwa 85 niƙaƙƙen kashin tama, kashi 10 zuwa 15 jifsam, galibi wanda aka gasa har ya rabu da ruwansa duka, sai ɗan kilinka da bai wuce kashi 5 ba, kamar kanwa a miya. Ban da wannan ɗan kilinkar, ba abin da ke shiga tanderun digiri 1,450. Sauran aikin, baya ga gashin jifsam ɗin, niƙa ne da gaurayawa.

Idan ruwa ya shiga haɗin, kilinkar tana ba shi kaifi irin na ruwan toka, ya fara cin jikin gilashin. Alminiyam da kalsiyam da ke fita daga kashin tama su gamu da jifsam, su haifi wasu dogayen allurai da ake kira etiringait, sunan da aka ɗauko daga garin Ettringen na Jamus. Su ke ba kankare ƙarfinsa na farko. Daga baya wani danƙo, irin wanda ke riƙe kankaren siminti, ya cike tsakaninsu. Mafi yawan jifsam ɗin nan mai narkewa ya shige cikin wani sabon dutse da ruwa ba ya narkarwa cikin sauƙi.

Halayen wannan siminti sun bambanta da na wanda aka saba. Ba ya fitar da zafi mai yawa lokacin kamawa, don haka ya dace da kauraran harsasai inda zafin cikin kankare ke jawo tsagewa. Ƙasa mai gishirin salfet, ruwan teku da ruwan magudanar ƙazanta, waɗanda ke cinye kankaren siminti sannu a hankali, ba sa yi masa illa sosai, domin ya riga ya ƙoshi da salfet tun wajen haɗi. Daga shekarun 1940 zuwa 1960 an yi aiki da shi sosai a Beljiyam, Faransa, Jamus da Ingila. Sannan ya ɓace daga kasuwa, saboda masana'antun ƙarfe sun canza irin tamar da suke narkawa, kashin tamansu ya rage alminiyam, jifsam ya kasa tashinsa yadda ya kamata. Damuwa kan iskar kabon ce ta dawo da shi, har Turai ta fitar masa da ma'aunin inganci na musamman a 2010.

Yana da nasa raunin, kuma magini ya kamata ya sani. A kwanakin farko yana nawa, musamman da sanyi. Idan aka bar fuskarsa ta bushe da wuri, sai ta yi gari, ana shafawa tana bin hannu, don haka ban ruwansa ya fi na siminti tsawo, kuma a wuri mai busasshiyar iska irin ta hunturu wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Iskar kabon ta sararin sama ma tana cin alluran da ke kusa da fuskarsa, kuma da yake kaifinsa bai kai na siminti ba, rodin da ke ciki yana buƙatar kankare mai kauri a kansa don kada tsatsa ta kama shi.

Haɗin gambiza da maganinsa

Wasu maginan kan barbaɗa POP cikin kwaɓin siminti don ya kama da wuri. Yana kamawa kuwa, aiki ya yi kyau, a biya kuɗi a watse. Matsalar sai bayan watanni take fitowa, idan damshi ya shiga. Alluran etiringait ɗin nan da ke zama ƙarfi idan sun fito tun kwaɓi yana ɗanye, ɓarna suke yi idan sun fito bayan ya sandare, domin ba su da wurin zama. Sai su riƙa turawa daga ciki kamar saiwar bishiya a gindin katanga, filasta ta kumbura, ta tsage, ta ɓanɓare.

Wani masanin kayan gini na Tarayyar Sobiyet, Aleksandr Volzhensky, da abokan aikinsa a Mosko sun gano bakin zaren a shekarun 1950 zuwa 1960. Abin da ke rura wannan kumburi shi ne yawan ruwan farar ƙasa da siminti ke saki yayin kamawa. Idan aka ƙara abu na uku da zai shanye shi, rigima ta kwanta. Abu na ukun shi ne duk wani gari mai silika wanda ke kamawa idan ya gamu da farar ƙasa. Rumawan dā sun yi amfani da tokar dutse mai aman wuta ta garin Pozzuoli kusa da Naples; a yau tokar kwal da niƙaƙƙen kashin tama suna yin wannan aikin. Haɗin Volzhensky ya ƙunshi jifsam kashi 50 zuwa 75, siminti kashi 15 zuwa 25, sauran kuma wannan garin.

Yana kamawa cikin mintuna kamar POP, yana ci gaba da ƙara ƙarfi a cikin damshi kamar siminti. Inda jifsam zalla ke riƙe kashi 30 zuwa 45 na ƙarfinsa idan ya jiƙe, wannan yana riƙe kashi 60 zuwa 80. Gwajin da ya fi kowanne gamsarwa shi ne inda aka kai shi aiki: da shi aka riƙa zuba bangon banɗakuna sukutum a masana'anta, a ɗauka da ƙugiya a dasa cikin benayen da Sobiyet ke ginawa da yawa a wancan zamani.

Bulon da ba a gasa ba

Indiya ce ta biyu a duniya wajen yin jan bulo, bayan Sin. Kowane bulo yana cin ƙasar noma, yana cin kwal wajen gashi. A gefe guda kuma tashoshin lantarkin ƙasar suna fitar da toka fiye da tan miliyan 200 a shekara. A wajajen 1990 wasu masu bincike biyu a birnin Visakhapatnam, N. Bhanumathidas da N. Kalidas, suka fito da haɗin da suka kira FaL-G: tokar kwal ce mafi rinjaye, sai farar ƙasa, sai ɗan jifsam, galibi na kamfanonin taki.

Filin yin wannan bulo bai bambanta sosai da gidan bulon da aka saba gani a bakin titi ba. Akwai wani faffaɗan kasko mai ƙafafun ƙarfe masu nauyi da ke murƙushe toka da farar ƙasa da jifsam da yashi ko garin dutse, da ɗan ruwa kaɗan, har haɗin ya zama idan an dunƙula a hannu ba ya wargajewa. A zuba a inji ya matse, a jera a ƙasa ya kwana, a tsiba shi, a yi ta ban ruwa sati biyu zuwa uku. Babu tanderu, babu hayaƙi. Jifsam ne ke ba shi ƙarfin farko ta hanyar alluran etiringait ɗin nan, farar ƙasa da toka kuma su ci gaba da ƙulla danƙonsu har watanni. A 1999 gwamnatin Indiya ta fitar da umarnin da ya tilasta amfani da toka wajen yin bulo a kewayen tashoshin kwal, kuma dubban ƙananan masana'antu suka kafu a kan wannan sana'a.

A birnin Kochi na jihar Kerala an taɓa kafa masana'antar da ta riƙa mayar da jifsam ɗin taki manyan allunan bango, bisa fasahar da aka fara a Ostireliya. Kowane allo tsawonsa mita 12, tsayinsa mita 3, kaurinsa milimita 124, an ƙarfafa shi da zaren gilashi, cikinsa kuma ramuka ne a jere waɗanda ake zura wa rodi a cika da kankare inda ake buƙatar ɗaukar nauyi. A 2013 injiniyoyin Cibiyar Fasaha ta Indiya ta Madras suka gina bene mai hawa biyu, mai gidaje huɗu, da waɗannan alluna cikin kimanin wata guda. Ko a nan ba a yi wasa da ruwa ba: mahaɗan allunan, rufi da banɗaki duk sai da aka bi su da maganin hana ruwa shiga.

Daga laso zuwa ɓuntun shinkafa

Ɗaukar sharar wata sana'a a yi kayan gini da ita ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maginan dā suna haɗa laso da abu uku. Daga marina ake kwaso dagwalon da ya kwanta a gindin rijiyar rini, a dunƙula, a shanya, a gasa, a daka ya zama katsi. Daga majema ake samo gashin jima, wato gashin akuya da maiƙon da aka kankare daga fata. Sai ruwan dafara mai yauƙi. Da wannan haɗin ake shafe saman soro da zankwaye don ruwan damina ya zame ya wuce, da shi kuma ake daɓe cikin rijiyoyin rinin kansu. Katsi ne abin kamawa, gashi ne ke hana tsagewa kamar yadda filas ke yi a POP, maiƙo da dafara kuma su kori ruwa.

Jifsam na haƙa ma akwai shi. Ana samunsa a yankin Fika da Fune a jihar Yobe, a Nafada ta jihar Gombe, a Dange da Wurno a jihar Sakkwato, da yankin Tawa a Nijar. Masana'antun siminti na Ashaka, Kalambaina da Malbaza duk suna buƙatarsa. Duk da haka, garin POP mai yawa da ke kasuwannin Nijeriya daga waje ake shigo da shi, daga ƙasashe irin su Turkiyya da Masar, alhali gasa shi bai kai ko kashi ɗaya cikin biyar na zafin da kilinka ke buƙata ba.

Sai dai darasin Jamus da Indiya shi ne kowace ƙasa da sharar da ke kusa da ita ta yi aiki, domin idan aka ɗora kuɗin tirela mai nisa a kan shara, araharta ta tafi. Nijeriya ba ta da kashin tama irin wanda Kühl ya yi aiki da shi, tunda babban tanderun Ajakuta bai taɓa narka tama ba. Lantarkinta daga gas da madatsun ruwa yake, don haka babu jifsam ɗin hayaƙi, babu tsaunukan tokar kwal. Nijar tana da tashar kwal ta Anu Araren a yankin Agadas, wadda ke fitar da toka tun farkon shekarun 1980.

Abin da yankin ke da shi birjik shi ne ɓuntun shinkafa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma idan an ƙona ɓuntun, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa ke zama toka, wadda mafi yawanta silika ce. Injinan casa a Kano, Kebbi da Jigawa suna tara shi tudu-tudu, wani a kai wa masu kaji, wani a cinna masa wuta ya yi kwanaki yana hayaƙi. Tokar irin wannan ƙuna ba ta da tabbas: wani wurin baƙa ce mai gawayi, wani wurin ta sha zafi har ta mutu. Wadda ke aiki ita ce wadda aka ƙona a zafin da aka daidaita, kimanin digiri 600 zuwa 700, sannan aka niƙa ta lukui. Ita ce za ta iya tsayawa a gurbin abu na ukun nan na Volzhensky. Akwai kuma farin laka da masu walda da kabayid ke juyewa a bayan shago kullum, wanda jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce, irin wadda bulon FaL-G ke buƙata.

Kafin irin wannan haɗin ya shiga gidan mutane, akwai aikin da ke jiran jami'o'i, da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya wadda aka kafa a 1978, da hukumar kula da ingancin kayayyaki. Gwajin ba ɓoyayye ba ne. A zuba ƙananan dunƙule daga haɗi ɗaya, a matse wasu a inji bayan kwana 7, wasu bayan kwana 28. A jiƙa wasu kwana biyu a matse su da ruwansu, a gwada ƙarfinsu da na busassun. A bar wasu cikin ruwa wata shida zuwa shekara ana auna ko sun kumbura. A gina 'yar katanga a fili ta sha ranar bazara, ta sha damina biyu da hunturu biyu. Idan jifsam ɗin daga kamfanin taki ya fito, a auna radiyam ɗinsa tsibi bayan tsibi. Abin da ya tsallake waɗannan matakai shi za a rubuta wa ma'auni, a buga a jikin buhu yawan ruwan da yake sha, mintunan da yake ɗauka kafin ya kama, kwanakin ban ruwansa, da inda aka yarda a sa shi: bangon raba ɗaki, filastar ciki, bulon katanga, ko harsashi.